Bayan an ɗage labule

A shekarar 1980 babbar ƙungiyar makaɗan birnin Munich, a Jamus, ta nemi mai busa turombon. Kiɗansu na gargajiyar Turawa ne, irin na su Mozart da Beethoven, inda mutum kusan ɗari ke zama a jere da goge da sarewa da ganguna, jagora na tsaye gabansu da ɗan sanda. Shi turombon ɗin ƙanen kakaki ne, sai dai ana jan wani sashe nasa ana turawa don a sauya murya. Cikin masu neman aikin akwai ɗan wani makaɗi na ɗaya daga cikin ƙungiyoyin birnin, shi ya sa aka rataya labule tsakanin masu busa da alƙalai, kada a ce an yi son kai. Da aka kira wanda ya fi burge su ya fito, ashe mace ce, Ba'amurkiya mai suna Abbie Conant.

Wannan dabara ta labule ƙungiyar birnin Boston ta gwada ta tun 1952, daga baya ta bazu a Amurka. Har darduma ake shimfiɗawa don kada ƙwas-ƙwas ɗin takalmi ya tona asirin mace. Wajen 1970 mata ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba a manyan ƙungiyoyi biyar na ƙasar. Zuwa 1997 sun kai kashi 25. Masana na gardama kan ko labulen ne kaɗai ya kawo haka, amma mu malamai mun san amfaninsa. Abin da ake yi ke nan a jarrabawar BEPC: a rufe suna, a ba takarda lamba, mai gyara bai san ko ta ɗan sarki ce ko ta ƴar mai tuyar ƙosai ba.

Abin da ya biyo baya shi ya tsaya mini a rai. An ɗauke ta aiki, amma jagoran ƙungiyar, Sergiu Celibidache, ya mayar da ita kujera ta biyu, ya ce namiji yake so a ta farko. Da ta kai ƙara kotu, sai aka kawo hujjar wai ba ta da ƙarfin numfashin wannan busa. Likitoci suka auna huhunta, suka same shi fiye da yadda ake bukata. A 1988 ta karɓo kujerarta, sai kuma aka riƙa biyan ta ƙasa da takwarorinta maza, ta sake komawa kotu, ba ta gama ba sai 1993. Shekara goma sha uku tana busa kusa da mutanen da suka ji ta da kunnensu, suka zaɓe ta, sannan idonsu ya ƙaryata kunnen. Ba na yi wa Jamusawa dariya. Ni ma ban taɓa ganin mace riƙe da kakaki a ƙofar fada ba.

A ganina labule aikin rana ɗaya yake yi, zaman tare kuwa na kullum ne, kuma ba a yin sa a ɓoye. Ina ganin haka a aji. Yarinya za ta zo ta ɗaya a lissafi, amma in ta ɗaga hannu sai guna-guni ya tashi daga bencin baya. Yaro mai in'ina ya rubuta amsa daidai, da ya buɗe baki sai ƴan aji su kwaikwaye shi. Sakamako bai hana ba. Abin da ke hanawa shi ne malamin da zai tsayar da darasi nan take, ya ambaci sunan mai yi, ya jira har mai magana ya ƙarasa. A makarantar horon malamai an koya mana tsara darasi minti-minti, amma waɗannan mintoci biyu ba su cikin tsarin, kuma da yawanmu kan ga asarar lokaci ce.

Ƙungiyar Vienna, wadda aka kafa a 1842, ba ta yarda mace ta zama cikakkiyar mamba ba sai 1997. Wadda aka fara ɗauka, Anna Lelkes, mai kaɗa wata babbar garaya ce mai tsirkiya fiye da arba'in. Ta riga ta yi sama da shekara ashirin tana kiɗa tare da su, ana jin ta a faifai, sunanta ba ya cikin jerin ƴan ƙungiya.