Rumbun Kaka

Tun da damina ta rushe gidan kakata a Gwaram, na ƙudiri aniyar sake gina shi cikin wasan GTA San Andreas, da manhajar sauya taswirarsa. Katanga da zaure ba su ba ni wuya ba. Rumbu ne ya hana ni barci.

Allon kwamfuta a shimfiɗe yake, duniyar wasan kuwa tana da zurfi. Sai in ajiye rumbun, in ga ya zauna daram. Ina juya kyamara sai in tarar yana reto a sama kamar na aljanu. In na sauke shi, rabinsa ya nutse, domin manhajar a cibiya take riƙe shi, ba a gindi ba. Dare uku ina rage lambobi, ni da digirina, kafin ya taɓa ƙasa.

Ranar Juma'a na kai wa Inna a Birnin Kudu. Ta daɗe tana kallon gidan da ta tashi a ciki, ba ta ce uffan ba. Can ta nuna da yatsa.

"Wa ya ce maka ana dasa rumbu a ƙasa? Gara za ka ciyar? Ɗaga shi, ka sa masa duwatsu."