Manuwar Da Ta Ci Sunan Ƙasarmu

Mu mutanen Haɗejiya ba mu san teku ba. Koginmu, kome cikarsa da malalar da ya ke yi cikin fadama da damina, gabas ya ke nufa, ya gamu da na Jama'are su doshi Tafkin Cadi. Jirgin da muka buɗe ido muka gani shi ne kwalekwale, sai kuwa gorar masunta. Don haka ran da muka fara jin wai Ingilishi sun taɓa yin manuwa mai suna Nijeriya, sai muka ɗauka tatsuniya ce.

Ashe gaskiya ne. A kogin Tyne na Ingila aka saka ta ruwa cikin Yuli 1939, ta kama aiki 1940. Tsawonta ƙafa 555. Ku 'yan makaranta, ku auna wannan a filin wasanku, ku ga inda za ku tsaya. Manyan igwoginta 12, uku-uku cikin ɗakunan ƙarfe huɗu masu juyawa, faɗin bakin kowace inci 6. Duk da haka masu ƙirarta a matse suka yi aiki, gama alkawarin London na 1936 ya hana irinta wuce tan 8,000.

Ta raka ayarin jirage zuwa Rasha cikin tekun ƙanƙara. Sa'an nan ran 12 ga Agusta 1942, tana rakiyar masu kai abinci da mai tsibirin Malta, wani jirgin Italiya mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya sakar mata nakiya. Mutum fiye da 50 suka hallaka. Ba ta nutse ba, ta lallaɓa ta koma Jibiralta, daga nan aka kai ta Amurka gyara. Farkon 1945 tana gaɓar Bama, sa'ad da sojan Nijeriya ke fama cikin dajin Arakan. Nan kam mun ji ta zama tamu, don ta tsaya kusa da 'yan'uwanmu.

To, amma sunan aro ne. Da za a raɗa mata shi ba a shawarce mu ba, haka kuma da za a kankare. Aka sayar wa Indiya 1954, suka karɓe ta 1957, suka sa mata Mysore, ta yi musu aiki har 1985.