Daga Diobu zuwa Iva, ina bin sawun kwal

Da asuba na bar gidan kawuna a Mile 2 Diobu. Kafin in fita na shafa dakalin ƙofa, tafina ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Tun 2016 wannan baƙin hayaƙi yake sauka a Fatakwal, galibinsa daga masu dafa ɗanyen mai a ɓoye cikin fadamu.

"Ɗana, me za ka nema a Inugu?" in ji Kawu.

"Kwal, Kawu."

Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Motarmu ta bi ta Aba da Umuahia da Okigwe, jefi-jefi muna hango layin dogo cikin ciyawa. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi, a 1916 jirgin ƙasa ya fara sauke shi a Fatakwal. Saboda shi aka gina tashar ruwan, ita kuma ta jawo kakanninmu fatake har Diobu.

Abin da ya tayar da ni daga gida kuwa kalma ɗaya ce: sinadari. Asalinta nushadir ne na Larabci, farin gishirin da maƙeran farfaru ke liƙi da shi. A zamanin da, daga tsakiyar Asiya ake kawo shi, inda kwal ke ci da wuta a ƙarƙashin dutse. Hayaƙin yana fitowa ta tsaga, ya sha iska ya huce, ya daskare a baki kamar kanwa, a zo a kankare. Kusa da tsohon ƙauyen Ravat na Tajikistan wutar tana ci har yanzu. A bakin tsagoginta aka samu ravatite, ma'adinin da babu ƙarfe a cikinsa, jikinsa duk daga tsirran da suka zama kwal ya fito. Ɗan'uwansa hoelite siraran allurai ne rawaya, a tsibirin Spitsbergen aka fara ganinsa. Irinsu ba su da yawa a duniya, kuma ba su da ƙwari, ruwan sama da zafi na iya share su.

Na so in tsaya a bakin ramin kwal na ƙasarmu da wannan tunani a raina.

Da la'asar wani mai babur ya kai ni kwarin Iva a Inugu. Ban ga hayaƙi ba. Daji ya rufe bakin ramin, ruwa ja-ja yana tsiyaya daga ciki. Nan ne ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 da ke yajin aiki kan haƙƙinsu. Ma'adinai suka fita daga kaina. Na tsinci ɗan guntun kwal, ya farfashe a hannuna, ya bar min baƙi irin na safiya.

Mai babur ya ce duhu na zuwa. Na roƙe shi ya sauke ni a masallacin Owerri Road kafin magariba.