Lauya da rubutu a Facebook: neman suna ne ko aiki?

Ranar Juma'a 24 ga Mayu 2019, cikin azumi, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da har gobe ba a daina maganarsa a Zamfara ba. Ta ce jam'iyyar APC ba ta yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta tanada ba, don haka ba ta da 'yan takara, ƙuri'un da aka jefa mata kuma sun tafi a banza. Kujerar gwamna, sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7, 'yan majalisar jiha 24, duk suka suɓuce rana ɗaya. Bayan kwana biyar aka rantsar da Bello Matawalle.

Ba siyasar nake son ku tuna ba. Ku tuna tambayar da ta cika majalisun Gusau daren nan bayan asham: "Wai mi ya faru? Mu munka bi layi munka jefa ƙuri'a, ƙaƙa anka ce ba mu jefa ba?" Amsar tana nan, amma da Turanci take, Turancin ma na kotu. Wanda ya san ta ya yi shiru, wanda bai sani ba shi ya ɗauki waya ya yi ta fashin baƙi. Haka aka sake yi a Nuwamba 2023, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce zaɓen gwamna bai kammala ba, a sake a wasu wurare. Wasu har sun fara cewa Dauda Lawal ya tattara kayansa. Alhali ko ɗalibin lauya ya san akwai sauran mataki ɗaya a gaba, kuma ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa.

Na kawo wannan ne saboda maganar da wasu abokan aikina ke yawan yi, wai lauyan da ke da shari'u a hannu ba ya da lokacin rubutu a Facebook, duk wanda ka ga yana yi to ofishinsa ne ba kowa. Wasu manyanmu kuma suna ganin zubar da girman riga ne. Ina girmama su, su suka koya mana tsayuwa gaban alƙali. Amma a nan kam ban yarda da su ba.

Da farko dai ba laifi ba ne. Ƙa'idojin aikin lauya na 2007, waɗanda aka sabunta a 2023, sun yarda lauya ya yi rubutu ko ya shiga rediyo da talabijin ya ilimantar da mutane kan doka. Abin da suka hana shi ne farautar masu shari'a, da kurin cewa ka fi wane iyawa, da alƙawarin nasara. Tsakanin "ga abin da doka ta ce" da "ku zo wurina ni ne gwani" akwai tafiya mai nisa.

To mi lauyan ke samu?

Ni babbar ribar da na gani ba kuɗi ba ce, kaifin aiki ne. Duk abin da ba ka iya faɗa da Hausa ba, yadda mai shayi zai gane, wallahi kai ma ba ka gama gane shi ba. A kotu kana iya fakewa bayan Turanci da guntun Latin, ka wuce. A nan babu mafaka. Ka rubuta sakin layi uku kan gado, kafin ka aje waya wani almajirin zaure ya zo ya tambaye ka a wane babi na Risala ka ga haka. Ƙasar 'Yandoto ce fa, ba yau aka fara karatu a nan ba. Kuma tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a Oktoba 1999, lauyan Zamfara da ƙafa biyu yake tafiya: da safe yana Babbar Kotu da dokokin da aka gada daga Ingila, da rana yana kotun shari'a da fiƙihun Malikiyya. Duk rubutun da zan saka sai na koma na buɗe littafi, don na san masu jirana. Wannan bitar ita nake tararwa a bakina ranar da na tashi gaban alƙali.

Sai kuma irin mutanen da ke shigo maka ofis. Mutanenmu ba su neman lauya sai abu ya lalace, ihu bayan hari. An riga an sa hannu, an riga an biya, kwana talatin ɗin da alƙali ya bayar na ɗaukaka ƙara sun wuce tuni, sannan a zo a ce "Barista a taimaka." Rubutu yana canza wannan sannu a hankali. Akwai wani dattijo daga wani ƙauyen Bungudu da ɗansa ya karanta masa abin da na rubuta kan sayen gonar gado. Ya zo da kuɗinsa a aljihu, bai biya ba tukuna. Tambaya ɗaya muka yi wa mai sayarwa: an raba gadon? Ba a raba ba. Akwai 'yan'uwa mata biyu da ba su ma san ana ciniki ba. Aikin bai kai awa guda ba. Da ya biya, da shekaru za mu yi muna zirga-zirga ana ɗage shari'a, kuma a gaskiya da na fi samun kuɗi a hakan. Amma tun daga ranar duk wanda zai sayi fili a danginsa sai ya turo shi. Ban buga kati ba, ban sa allo ba.

Maganar filaye ma yanzu ta fi da zafi. Rashin tsaro ya koro mutane daga ƙauyuka zuwa Gusau da Tsafe da Bungudu, wasu na sayar da gonakinsu a wulaƙance, wasu na sayen fegi cikin gaggawa daga hannun dillalai. Mutum nawa ne suka san cewa a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 takardar mai unguwa ba shaidar mallaka ta gwamnati ba ce? Tana da amfaninta a matsayin hujjar ciniki, amma kowace da matsayinta.

Ko ku ɗauki abin da ya fi kowane jawo tambaya a shafina, wato kamu. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 36, ta hana a kama wani a madadin wani. Ba a tsare uba don ɗansa ya gudu, ba a tsare mata don mijinta. Sashe na 32 ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa alƙawarin ciniki kawai. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce in akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, a kai wanda aka tsare gabanta cikin kwana ɗaya. Beli kuma kyauta ne. Na san abin da za ku ce: "Barista, wanga duk a takarda ne." Na ji. Amma na sha gani da idona, wanda ya shiga yana ambaton sashe da lambarsa cikin ladabi, ba a yi masa irin kallon da ake yi wa wanda ya shiga yana kuka.

Akwai kuma wanke suna. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, a wurin talaka lauya shi ne mai mayar da fari baƙi. Ba wa'azi zai goge wannan ba, sai mutane sun daɗe suna jin kana faɗa masu abin da ya amfane su ba ka karɓi ko sisi ba. Ku duba irin amincewar da Bulama Bukarti da Abba Hikima suka samu a Arewa ta hanyar bayani da Hausa. Ba dole ka yarda da duk ra'ayinsu ba, amma sun nuna akwai masu sauraro. Ga ƙannenmu da suka fito makarantar lauyoyi, ba uba a gindin murhu, ba babban ofis, wannan ce ƙofar da ba a tambayar ɗan wane ne kai.

Sai dai tana da ramuka, kuma masu zurfi. Shari'ar da kake cikinta ba ta Facebook ba ce, ko da kana ganin an zalunci wanda kake karewa. Sirrin wanda ya zauna a ofishinka amana ne, shi ya sa ba ku taɓa jin suna a bakina ba. Ka zargi mutum da abin da ba ka da hujja, kai da kanka za ka nemi lauya. Ramin da ya fi cin mutane a jiharmu kuwa siyasa ce. Ranar da aka gane fassararka ta doka tana canzawa gwargwadon wanda ke gidan gwamnati, shi ke nan, ka zama sojan baka mai rigar lauya, kuma ko gaskiya ka faɗa daga baya ba mai saye.

Ku ma masu karatu ina da roƙo. Abin da nake rubutawa bayani ne na gaba ɗaya, ba fatawa ce kan matsalarka ba. Masu turo hoton takarda rabi da tsakar dare suna cewa "duba mani, zan ci ko ba zan ci ba," don Allah ku yi haƙuri, ba a duba shari'a haka. Ka samu lauya ku zauna, ko ni ko wani. In babu hali, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, a fara da nan.

Mata da yawa sun tambaye ni kan riƙon yara bayan rabuwar aure, da wanda ciyarwa ke kansa. In Allah Ya kai mu Juma'a mai zuwa a kansa zan yi rubutu. Wadda ba ta son sunanta ya fito ta turo tambayar ta akwatin saƙo.