Daga gashin tunkiya zuwa hular sanyi

A lokacin hutun yara muka ziyarci Saint-Pierreville, wani ƙaramin ƙauye cikin duwatsun Ardèche a kudancin Faransa. A nan akwai tsohuwar masana'antar ulu wadda ta daɗe a rufe, har wasu matasa suka haɗa kai suka raya ta, suka kafa ƙungiyar Ardelaine a 1982. A wancan zamani gashin tumakin yankin ba shi da daraja, makiyaya zubar da shi suke yi.

An bayyana mana yadda aikin ke tafiya. Sau ɗaya a shekara ake yi wa tunkiya aski. In an wanke gashin, kusan rabin nauyinsa kan tafi da maiƙo da ƙura. Sannan inji ya taje shi, ya fito dogo mai taushi, kamar sutun auduga. Murɗi ne ke mayar da shi zare.

Muka sayo zare da ɗan sutun ulu. Da muka komo gida, Hajiya Kaka ta ɗauko mazarinta da ya shekara 20 cikin akwati, ta kaɗa ulun kamar abawa. Jikokinta suka yi tsit, domin ba su taɓa ganin kaɗi ba. Babbarsu kuma ta saƙa wa ƙanenta hular sanyi da zaren.

Ya ku iyaye, masu wannan sani suna nan cikin gidajenmu. Mu zaunar da 'ya'yanmu gabansu tun suna raye. Allah Ya sa wa hannuwansu albarka, amin.