Cinikin Katin 'Yan Ƙwallo a Kafinsoli

A Kafinsoli ta ƙasar Kankiya akwai wani saurayi mai sha'awar tara katunan 'yan ƙwallo. Ta waya yake ciniki: a aiko masa da hoton kati daga Kano, ya taya, a sallama, direban motar haya ya kawo. Dattawa na ganin wauta ce a ba da kuɗin tiyar gero saboda takarda, kuma lalle kati ba ya shiga tukunya. Amma katin Rashidi Yekini, wanda ya fara ci wa Nijeriya ƙwallo a Gasar Kofin Duniya, a ragar Bulgeriya cikin 1994, sau uku ana taya shi, saurayin yana cewa albarka. A akwatin marigayi mahaifinsa ya same shi, tare da takardun gona.