Hedifon mai buɗaɗɗen baya: arha a kanti, tsada a ɗaki

A shekarar 1968 kamfanin Sennheiser na ƙasar Jamus ya fito da wani hedifon da ya sa wa suna HD 414. Roba ce mara nauyi, da soso a kowane kunne, wanda aka fi saninsa da launin rawaya. Abin da ya raba shi da na gabansa shi ne bayansa a buɗe yake. Kafin lokacin an ɗauka tilas ne a kulle lasifikar kunne cikin ƙoƙo mai kauri, irin na matuƙan jirgin sama da ma'aikatan gidan rediyo. An sayar da HD 414 fiye da miliyan 10, kuma daga gare shi aka samu zuriyar da masu son kiɗa ke ta muhawara a kanta har yau.

Dalilin buɗe bayan yana cikin yadda sauti ke fita. A kowane kunne na hedifon akwai wani tantani siriri, manne da naɗin waya, kusa da maganaɗisu. Idan lantarki ya ratsa naɗin, tantanin ya yi gaba ya yi baya, ya tura iska, kunne ya ji. Sai dai tantani fuska biyu gare shi: duk abin da ya tura wa kunne, ya tura kwatankwacinsa ta baya. A hedifon mai rufaffen baya wannan sauti na biyu ba shi da mafita. Yakan bugi bangon ƙoƙon ya dawo, ya ƙarfafa wasu muryoyi, ya danne wasu. Duk wanda ya taɓa kifa kofi a kunnensa ya ji wani gurnani da babu shi a ɗakin ya san abin da rufaffen wuri ke yi wa sauti. Mai buɗaɗɗen baya kuwa raga ce kawai a wajen, sautin bayan ya fice ya yi tafiyarsa.

A nan asirin arharsa yake. Horar da sautin da aka kulle aiki ne mai cin kuɗi: a auna ƙoƙon, a cusa masa abin da zai shanye amsa-kuwwa, a gwada, a sake. Wanda ya buɗe baya ya huta da yawancin wannan wahala, saboda haka kuɗi kaɗan kan kai shi inda rufaffe ba ya zuwa sai da ninkinsu. Mai sauraro yakan ji kiɗan ya ɗan fita daga tsakiyar kansa, kayan kiɗa sun sami sarari a tsakaninsu, muryar mawaƙi ta daina kama da ta wanda ke magana cikin randa.

Misalan sun daɗe a kasuwa. Kamfanin Koss na birnin Milwaukee a Amurka, wanda ya fara sayar da hedifon na sitiriyo a 1958, ya fito da Porta Pro a 1984, kuma har yanzu ana ƙera shi kusan a siffarsa ta farko. Ƙanensa KSC75, wanda ake maƙalawa a kunne, an daɗe ana sayar da shi a kan kusan dala 20. Ganinsa kamar kayan wasan yara, amma yana kunyata da yawa daga waɗanda suka ninka shi kuɗi. Grado, kamfanin iyali guda da ke Brooklyn a birnin New York, ya yi suna a shekarun 1990 da SR60 a kan dala 69. Sautinsa na da kaifi da kuzari, yana yi wa jita kyau, ko da yake sosonsa kan gajiyar da kunne. Philips SHP9500, da akan samu ƙasa da dala 100, ya fi su daɗin sawa na dogon lokaci, kuma ga wanda zai fara shi ne zaɓin da ya fi wuyar jawo nadama. Sama da su akwai HD 6XX, wanda Sennheiser da Massdrop suka fitar a 2016 a kan kusan dala 200, alhali HD 650 ne na 2003 da aka sauya wa launi, wanda a da ake sayarwa fiye da ninki biyu na wannan farashi.

Akwai lamba guda da ya kamata a duba a jikin kwali, wato om, ma'aunin turjiyar da hedifon ke yi wa lantarki. SHP9500 om 32 ne, wayar salula ta ishe shi. HD 6XX om 300 ne, ya fi sakin jiki idan an haɗa shi da 'yar amfilifaya, kuma wannan ƙarin kuɗi ne da mai saye kan manta bai lissafa ba. Tun da Apple ya cire kafar hedifon daga iPhone 7 a 2016 wasu kamfanoni suka bi sahu, wayoyi da yawa sai da 'yar mahaɗa.

Babban kuɗin da wannan hedifon ke karɓa ba a kanti ake biyansa ba. Ƙofar da sauti ke fita ta nan na waje ke shiga. Wanda ya sa shi a ofis, abokin teburinsa zai ji kowace waƙa. Wanda ya sa shi a mota ko a jirgi, ƙarar inji ce za ta cinye rabin abin da ya kunna. Masu yaba shi a Turai da Amurka kan yi magana kamar ɗaki mai shiru abu ne da kowa ke da shi. A Kano ko Kaduna, inda ɗauke wuta ke nufin tashin janareton maƙwabci, ga fanka na juyawa, ga hon ɗin masu adaidaita, shiru kaya ne mai tsada, sau da yawa sai dare ya raba ake samunsa.

Kuma batun ya wuce jin daɗi. Idan hayaniya ta rufe kiɗa, hannu da kansa yake zuwa ya ƙara murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. A desibel 89 abin da ya rage awa 5 ne kacal a mako. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunnen ɗan Adam idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Wanda rayuwarsa ke cikin hayaniya, rufaffen hedifon ko ɗan kunnen da ke toshe rami ya fi masa alheri, ko da sautin bai kai ba. Haka ma mai neman bes ɗin da ke girgiza ƙirji: buɗaɗɗen baya, musamman mai arha, yakan yi rauni a can ƙasan sauti, domin iskar gaba da ta baya suna haɗuwa su kashe juna.

Ta ɓangaren yanayi an raba riba da hasara. A zafin Afrilu kunnen da iska ke ratsawa bai cika jiƙewa da gumi ba, wanda ya taɓa zama awa biyu da rufaffen hedifon mai fatar roba ya san darajar wannan. Da hunturu kuwa ragar nan hanya ce ga ƙura zuwa kan tantani, don haka ajiye shi a jaka ko aljihun tebur ba ƙyale-ƙyale ba ne.

Saura abin da za a saurara. Hedifon mai gaskiya ba ya rufa wa rikodi asiri. Da yawa daga waƙoƙin Mamman Shata da ke yawo a wayoyi an kwafo su ne daga kaset zuwa kaset kafin a matse su cikin MP3, kuma abin da zai fara fitowa sarari shi ne shuuu ɗin kaset. Faɗin da babu shi a asalin ɗauka, babu na'urar kunne da za ta ƙirƙiro shi. Amma idan aka dace da kwafi mai tsabta na Ɗan Maraya Jos, murya ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, nan ne buɗaɗɗen baya ke nuna aikinsa, domin ƙarfinsa a tsakiyar sauti yake, inda muryar mutum ke zaune. Ana jin inda ya ja numfashi, ana jin bugun tsirkiyar dabam da amon da ke biyo bayansa, a kan hedifon na dala 20, idan maƙwabci ya kashe janareto.